Sanyi ne ke sa ganyen tumatir ya yi rawaya? Fashin baƙi ga masu shuka a Kumasi

Shin sanyi ne ke sa ganyen ƙananan tumatir ya koma rawaya? Tambayar nan takan taso a zangon Kumasi da zarar hunturu ya sauko a watan Disamba, ta sake tasowa a Yuli da Agusta idan gari ya lulluɓe da gajimare. Mutum ya dasa tumatir a bayan ɗaki, ko cikin buhun siminti, ko cikin galan ɗin Kufuor, jarkar roban nan mai launin rawaya, da aka yanke wa kai. Bayan mako biyu sai ya ga ganye ya fara ɗashewa. Ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp na unguwa, kafin a jima amsa ta zo daga wurin mutum biyar, duk bakinsu ɗaya: "Sanyi ne, rufe shi da leda."

Masu shukar gida sun ƙaru a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga wajen Disamba zuwa Mayu, kaso mai yawa na tumatir ɗin da ke shigowa kasuwannin Kumasi daga Burkina Faso ake ɗauko shi, kuma duk abin da ya taɓa hanyar, uwargida ce ke jinsa a kuɗin cefane. Gwamnati ma ta dawo da kiran a yi lambu a gida a shirin ciyar da Ghana da ta ƙaddamar a Techiman a 2025, kiran da dattawa suka taɓa ji a 1972 zamanin shugaban mulkin soja Acheampong. Yawancin waɗanda suka amsa kiran ba su taɓa noma ba, ba su kuma da manomi kusa da za su tambaya.

Amsata a taƙaice ita ce, a Kumasi da wuya sanyi shi kaɗai ya sa ganyen tumatir rawaya. Lokacin sanyin yana zuwa da wasu abubuwa, su ne ke yin ɓarnar, mu kuma mun bar jaki muna dukan taiki.

Mene ne rawayar ganye?

Launin kore da ke jikin ganye wani sinadari ne da ake kira kulorofil, da shi shuka ke sarrafa hasken rana ta yi abincinta. Kafin ta haɗa shi tana buƙatar naitirojin da maganiziyam da sinadarin ƙarfe, kuma duk ta saiwa take zuƙo su daga ƙasa. Idan ɗayansu ya yi ƙaranci a ƙasar, ko yana nan amma saiwar ta kasa zuƙo shi, ko wata cuta ta toshe hanyar da ke kai shi sama, koren sai ya ja baya, rawaya ta bayyana. Hanyoyi uku ke nan mabambanta, amma a ido duk launi ɗaya suke nunawa. Shi ya sa hoton ganye guda bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Akwai kuma rawayar da ba ta da wata illa. Ganyaye biyu na farko da ke fitowa daga cikin iri, siraran nan marasa baki-baki, aikinsu na ɗan lokaci ne. Da zarar ganyen gaskiya ya kai uku ko huɗu, sai su yi rawaya su faɗi. Haka nan bayan dashe, shukar takan yi kwanaki tana jinyar saiwoyin da suka tsinke, ganye ɗaya ko biyu na ƙasa su bushe. Muddin kan shukar kore ne shar kuma sabon toho na fitowa, a ƙyale ta.

Wane irin sanyi ne ke cutar da tumatir?

Asalin tumatir daga yammacin Amurka ta Kudu yake, kuma shuka ce mai son ɗumi. Ya fi jin daɗi idan rana tana tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma tsakanin 15 zuwa 20. Idan dare ya sauka ƙasa da digiri 13, fure ba ya kama 'ya'ya yadda ya kamata. Ƙasa da digiri 10 girma yakan tsaya. A sifili, inda raɓa ke daskarewa, dare ɗaya ya isa ya kashe shukar.

Yadda sanyi ke jawo canjin launi shi ne ta saiwa. Idan ƙasa ta yi sanyi, saiwa takan rage aiki, ta kasa zuƙo fosfaras da naitirojin ko da suna nan jibge. Alamar da aka fi sani ita ce bayan ganye da jijiyoyinsa su yi shunayya, shukar ta tsugune wuri ɗaya, ganyen ƙasa ya ɗashe. Da ƙasa ta ɗumama sai ta farfaɗo da kanta.

To a auna wannan da Kumasi. A yawancin dararen hunturu ma'auni kusa da digiri 20 yake tsayawa, in ɗari ya tsananta ya ɗan sauka ƙasa da haka gabanin asuba. Mu da muka saba da zafi muna fitowa sallar asuba da rigar sanyi da hular kunne, yara na rawar ɗari a bakin famfo, amma wannan yanayin shi ne daidai abin da tumatir ke so da dare. Babbar hujja ma tana cikin kwandon da muke saye. Tumatir ɗin Burkina, da na madatsar Tono kusa da Navrongo, da na Kadawa da Kura a jihar Kano, duk a tsakiyar hunturu ake noma su, a wuraren da darensu ya fi namu sanyi nesa ba kusa ba. A can lokacin sanyi shi ne lokacin da tumatir ke araha.

Daga ina maganar sanyin ta samo asali? Mafi yawa daga bidiyon YouTube da Facebook na masu lambu a Amurka da Ingila da Jamus, kuma su gaskiya suke faɗa game da ƙasarsu. 'Yan'uwanmu da ke Bronx ko Landan ko Hambug, idan suka yi gaggawar fitar da dashe waje a watan Afrilu, sanyi ne zai kama shi. A can ana jira sai haɗarin daskarewar raɓa ya wuce, galibi tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa. Kafin nan a riƙa fitar da shukar waje na 'yan sa'o'i kullum, ana ƙara lokacin har mako ɗaya ko kwana goma, don ta saba. Idan dare zai yi sanyi a lulluɓe ta da yadi mai sauƙi, da safe a yaye. Mai shuka a tsaunin Jos ma zai iya cin karo da daren da ya sauka ƙasa da digiri 10. Amma wanda ya ɗauko wannan shawara ya rufe tumatir da leda a tsakar gida a Aboabo, da hantsi ya yi rana za ta dafa masa shi a ciki.

Abin da hunturu ke zuwa da shi

A ganina babban wanda ake zargi a lokacin rani shi ne farin ƙuda. Ƙwaro ne ƙanƙane ƙwarai, tsawonsa kamar milimita ɗaya, yana zama a bayan ganye. Je wurin shukarka da sassafe, ka sa yatsa ka ɗaga ganyen sama ka juya shi. Idan ka ga wasu fararen ɗigo sun tashi sun yi ɗan shawagi sun koma, shi ne. Ka ƙara dubawa da kyau za ka ga 'ya'yansa manne da ganyen, masu kama da ɓawo, ba sa motsi.

Tsotson da yake yi kaɗai yana raunana shuka, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Shi ke ɗauke da bairos, wato ƙwayar cutar da ke haddasa cutar nannaɗewar ganye da rawaya, wadda manoman Akomadan da Tuobodom da yankin arewa maso gabashin Ghana suka daɗe suna fama da ita. Ƙudan ya tsotsi shuka mai cuta na ɗan lokaci, bai kai sa'a ɗaya ba, ya ɗauka, ya kai wa ta gaba. Alamar ba ta fitowa sai bayan mako biyu zuwa uku, shi ya sa mutum kan sayi dashe lafiyayye a ido, ya kawo gida, ashe tun daga wurin reno ya kamu. Idan ta bayyana, daga saman shuka take farawa. Sababbin ganyaye su fito ƙanana, gefensu rawaya, su lanƙwashe sama su yi kwarmi, gaɓoɓin kara su matse, shukar ta tsugune ta yi cunkus. Fure ya fito ya zube. Idan tun tana ƙarama ta kamu, kusan babu abin da za a tsinka a jikinta.

Wannan cuta ba ta da magani. Babu feshin da ke fitar da bairos daga jikin shuka, komai tsadarsa. Abin yi shi ne a tuge ta, a sa a leda a ƙulle a nan take don ƙudan da ke jikinta kada ya watsu, a fitar da ita daga gidan. Na san yana da ciwo mutum ya tuge abin da ya yi wata guda yana ba ruwa, amma barinta na nufin sadaukar da sauran, har da na maƙwabta, domin ƙudan bai san katanga ba. Kuɓewa da gauta da barkono da rogo duk yana zama a jikinsu.

Inda za a iya cin galabarsa shi ne wurin reno. Makonni uku zuwa huɗu na farko, kafin dashe, a rufe komin da raga. Gidan sauro na ragewa, amma ragar da aka yi don lambu ta fi, saboda idonta ya fi matsewa. Farin ƙuda na bin launin rawaya, don haka a yanki ɓarin tsohon galan, a shafe shi da giris ko man inji, a kafa shi daidai tsayin shukar. Zai kama wasu, kuma zai nuna maka ranar da suka fara yawa. Ruwan 'ya'yan dalbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a tace a ɗiga ɗan sabulu, yana taimakawa idan aka fesa shi da yamma ta ƙarƙashin ganye, aka kuma maimaita duk mako.

Na biyu shi ne jan gizo-gizo, wanda ya fi farin ƙuda ƙanƙanta. Busasshiyar iska da ƙura su ne abincin ruhinsa, kuma hazon da ke taso mana tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana kawo masa duka biyun. Ganye yakan yi ɗige-ɗigen rawaya sirara, daga baya ya koma ruwan ƙasa ya bushe, wani lokaci da 'yar saƙa a bayansa. Ka riƙe farar takarda ƙarƙashin ganyen ka kaɗa shi, in ka ga jajayen ɗigo suna tafiya, ka gano shi. Wanke bayan ganye da ruwa da safe yana rage shi sosai, yana kuma sauke ƙurar da ke tare haske.

Ruwa: inda masu shukar gida suka fi shiga matsala

Tausayi ne ke kashe tumatir da yawa a gidajenmu. Iskar hunturu na busar da saman ƙasa cikin sa'o'i kaɗan, mai shuka ya ga ta yi fari, ya ƙara ruwa safe da rana da yamma. Galan ɗin kuwa ƙila huda biyu kawai aka yi masa a gindi, ko an ajiye shi a kan siminti hudar ta toshe. Sama a bushe, ƙasa kuwa taɓo. Saiwa tana numfashi, idan ruwa ya cike duk kafofin da iska ke bi sai ta shaƙe ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta zuƙar komai, don haka ganyen ƙasa ya yi rawaya, shukar ta yi yaushi da rana tsaka alhali tana tsaye cikin ruwa. Mai ita ya ga yaushi, ya ƙara ruwa.

Wata dattijuwa a gidan haya da ke kusa da mu ta kira ni in duba nata, galan shida a jere a gindin katanga. Ta ce, "Malam, ka ga abin da sanyin nan ya yi mini." Na ce, "Hajiya, bari mu ɗaga ɗaya mu gani." Da ƙyar ya ɗagu don nauyi, da muka karkata shi sai baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo. Saiwar da ya kamata ta zama fara tas ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a hannu. Huɗu daga ciki sun tashi bayan an ƙara huda gindin an ɗora su a kan duwatsu.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da danshi, a bar ta sai gobe. In ta bushe, a ba ta ruwa sosai a gindi har ya fito ta ƙasa, da safe, ba a kan ganye ba.

Sai kuma irin ruwan. A gidan da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, ruwan wanki da na wanke-wanke ake juye wa shuka. Sabulun gari na ɗauke da gishiri iri-iri da ke taruwa a cikin galan, su ƙona saiwa, gefen ganye ya bushe. Toka ma haka. Kaɗan tana da amfani, amma wadda ake juyewa kullum daga murhu tana canza ƙasar. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6 da 6.8 a ma'aunin tsamin ƙasa. Idan toka ta yi yawa ma'aunin ya haura, sinadarin ƙarfe sai ya ƙi zuƙuwa, sababbin ganyaye su fito rawaya fayau, jijiyoyinsu kawai ke kore.

A Yuli da Agusta labarin ya ɗan bambanta. Kumasi na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, kuma bayan mamakon Mayu da Yuni ƙasa ta riga ta ƙoshi, ruwan ya wanke naitirojin ya yi ƙasa da shi. Rana takan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, alhali tumatir na son sa'a shida zuwa takwas na rana kullum. Wanda aka ajiye a lungun da katanga biyu suka tare, zai yi tsawo siriri, ya ɗashe. Wanda ke shuka a ƙasa kai tsaye a wannan lokaci ya yi kunya mai tudu, don ruwa ya samu hanyar wucewa.

Yunwa, da batun kashin kaji

Wurin da rawayar ta fara shi ne babban abin lura. Naitirojin da maganiziyam da fotasiyam suna iya tashi daga wani sashe na shuka zuwa wani, don haka idan sun yi ƙaranci shukar takan janye su daga tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi. Shi ya sa ƙarancinsu daga ƙasa yake farawa. Na naitirojin, ganyen gaba ɗaya ke ɗashewa bai ɗaya, har jijiyoyin. Na maganiziyam, tsakanin jijiyoyi ne ke rawaya, su jijiyoyin suna nan kore. Na fotasiyam kuwa bakin ganye ne ke yin rawaya ya ƙone. Sinadarin ƙarfe ba ya tashi daga inda ya zauna, saboda haka nasa a sama ake gani.

Akwai wani abu da ya shafi Kumasi musamman. Garin nan na da gidajen kaji da yawa a kewayensa, ga kuma masu aikin katako a Sokoban, don haka kashin kaji da dusar katako ba sa wuyar samu, kuma galibi a gauraye suke zuwa, tunda dusar ake shimfiɗa wa kajin. Idan ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, warin ya tafi, taki ne mai kyau ƙwarai. Ɗanyensa kuwa illa biyu yake yi. Kashin na da zafi, yana ƙona saiwar ƙaramar shuka. Dusar kuma, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita naitirojin suke ci, kuma daga ƙasar suke ɗiba, su bar shukar da yunwa na tsawon makonni. Sai ka ga mutum ya cika galan da taki amma tumatir ɗinsa ya fi na kowa rawaya. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa na wata biyu zuwa uku kafin a sa.

Idan an tabbatar yunwa ce, magani na kusa. Kwana goma zuwa mako biyu bayan dashe, a sa takin zamani na NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowace shuka, nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Yuriya na da ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, takin salfa kuma kashi 21, don haka hannu ya yi sauƙi, musamman a galan inda takin ba shi da wurin gudu. Ganyen da ya riga ya yi rawaya sosai ba lallai ya dawo ba. Sabon toho ake kallo, in ya fito kore cikin mako guda an dace. Gishirin Epsom da ake ta yayatawa a intanet maganin ƙarancin maganiziyam ne kawai, ba ya yi wa sauran komai.

Cututtukan da ke cikin ƙasa da na damina

Idan rawayar ta zo da tabo, maganar ta koma kan fumfuna. Wadda aka fi gani takan fara a ganyen ƙasa da tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe a ciki, rawaya ta kewaye shi. Feshin laka da ruwan sama ke yi daga ƙasa zuwa ganye shi ke yaɗa ta, ganyen da ya kwana a jiƙe kuma ya ba ta wurin zama. A cire ganyayen da suka kamu, a kafa wa shukar sanda a ɗaure ta, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinta. A nan ne maganin fumfuna irin mankozeb ko mai jan ƙarfe ke da amfani, shi ma kare ganyen da bai kamu ba yake yi.

Wata fumfunar a cikin ƙasa take, ta saiwa take shiga ta toshe hanyar ruwa. Alamarta ba ta ɓuya: gefe ɗaya na shukar, wani lokaci ma rabin ganye ɗaya, ya yi rawaya, ɗaya gefen yana kore. In aka tsaga karan ta ƙasa za a ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ita ɗumin ƙasa ma take so, ba ruwanta da sanyi.

Akwai kuma cutar yaushi ta bakteriya, wadda ta addabi gonakin tumatir a yankin Ashanti. Ita ba ta cika jiran rawaya ba, shuka na kore shar za ta kwanta cikin kwana biyu. Ga yadda ake gane ta. A yanke karan kusa da ƙasa, a tsoma bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, a riƙe shi cak ba motsi. Cikin 'yan mintuna, idan ita ce, za a ga wani farin abu yana zubowa daga karan sirara-sirara yana sauka cikin ruwan. Ƙasar da ta kamu takan riƙe cutar shekaru.

Wanda ya tuge shuka kuma ya duba saiwar kafin ya jefar. In ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani, ta fi yawa a ƙasa mai yashi da aka daɗe ana shuka tumatir ko kuɓewa a cikinta. In kuwa ganyen ne ya yi faci-faci fari, an cinye cikinsa an bar fata, a nemi tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano da Kaduna ke kira sharon tun ɓarnar da ta yi musu a 2016. Kada a manta da maganin ciyawa. Idan wani ya fesa a fili ko bakin kwata kusa da gida iska ta kwaso, gindin sababbin ganyaye kan yi rawaya mai haske kwanaki kaɗan bayan haka. Haka ma idan aka ari tankin feshin da aka yi aikin ciyawa da shi.

Masu cewa a fesa, da masu cewa a jira

A nan ra'ayi ya rabu. Mai shagon maganin gona, idan aka kai masa hoto a waya, yawanci zai haɗo maganin ƙwari da na fumfuna da takin fesawa a ganye, ya ce a gauraya. Ba lallai mugunta ba ce, shi ma bai ga saiwar ba, kuma yana ganin in an harba uku ɗaya zai samu. Tsofaffin masu lambu irin na Gyinyase kuwa sukan ce a rage ruwa a jira mako guda. Kowanne na da inda ya yi daidai. Jira na warkar da gigicewar dashe da yawan ruwa, amma idan bairos ne, mako guda ya ishi farin ƙuda ya zagaye duk lambun. Feshi na tare fumfuna, amma bai taɓa gyara saiwar da ta shaƙe ba.

Ni na fi karkata ga masu lambun, da sharaɗin a duba kafin a jira. Dalilina shi ne wanda abin ke faɗawa a kansa. Mai galan goma da ya sayi kwalabe uku ya kashe kuɗin da ya fi na tumatir ɗin da zai tsinka. Ragowar maganin kuma a ɗaki ɗaya ake ajiye shi da yara, wani lokaci a cikin robar ruwan sha. Tumatir ɗin tsakar gida daga reshe sai tukunya, ba wanda ke lissafin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba cewa a jira tsakanin feshi da tsinka. Ga manomin da ke da eka guda kuwa, yawan feshi ba bisa ƙa'ida ba ya sa farin ƙuda ya daina jin magunguna da dama, yana kuma kashe ƙwarin da ke cinye shi da jan gizo-gizo, sai a gama feshi su dawo fiye da da.

Wanda abin ya shige wa duhu, akwai malaman gona a ofishin noma na kowace gunduma, akwai kuma Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua a hanyar Accra, da sashen noma na jami'ar KNUST. In za a je, a tuge shuka ɗaya gaba ɗayanta da saiwa da ƙasar da ke jikinta, a sa a leda, a kai a ranar. A faɗa musu yaushe aka dasa, wane taki aka sa, sau nawa ake ba da ruwa, da kuma ganyen da ya fara canzawa, na sama ko na ƙasa.

Idan ya tabbata cutar cikin ƙasa ce, kada a sake dasa tumatir ko barkono ko gauta a wurin, domin dangi ɗaya ne kuma cuta ɗaya ke kama su. A sa masara ko albasa na 'yan shekaru. Mai galan kuwa ya zubar da ƙasar nesa da lambun, ya wanke galan ɗin da ruwan bilic, ya shanya shi a rana, sannan ya nemo sabuwar ƙasa daga inda ba a taɓa shuka tumatir ba.